Daminar da Baba Ya Yi Noma da Gwiwoyinsa

Shekaranjiya maƙwabciyarmu a nan Damba, cikin Gusau, ta dafa tafasa. Ruwa ya kwana ya wuni yana zuba, irin malkar nan da ba ta bari wanki ya bushe, ina zaune a baranda ina tsince shinkafa sai warin ya tsallako katanga. Wanda bai taɓa cin tafasa don dole ba zai ce ganye ne kawai ake dafawa. Ni kuwa sai da na ajiye farantin. Jikata ta tambaye ni ko jiri ne ya ɗebe ni, na ce mata a'a, wani mutum na tuna.

Surukina ne, mahaifin marigayi maigidana. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu da yake kwance ba. Baba muke ce masa a gida. Mutanen ƙauye kuwa Maijikoki suke kiransa, da farko don tsiya, daga baya sunan ya bi shi har shi ma yana amsawa.

Ƙauyen ɗan ƙarami ne, a gindin duwatsun Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu. Daga Tsafe aka kai ni can ina yarinya. Na tarar da Baba dogo, siriri, mai ƙaramar murya. Ya riga ya sakar wa maigidana manyan gonaki, shi ya koma tufkar igiyar rama a ƙofar zaure. Amma da wuya ka gan shi zaune shi kaɗai. In ba 'yata ta fari, wadda nake kira Uwani, tana wasa da gemunsa ba, to ƙaninta Basiru na bisa wuyansa. Da kansa yake yi musu wanka a bakin randa in ya ga aiki ya yi mini yawa. Shi ke yo wa Inna, surukata, itace, don ita tana fama da ciwon baya tun kafin a kawo ni. Ranar kasuwar Kwatarkwashi ba ya dawowa aljihu wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai ya ɓoyo, ya zauna ya ce sai an yi masa tausa kafin ya fitar. Uwani amaryarsa ce, Basiru kuma abokin gabarsa mai son ƙwace masa mata. Haka suke wuni suna faɗan wasa.

Tsararrakinsa suna yi masa dariya. Na taɓa jin wani dattijo yana ce masa daga waje, "Kai dai zane kawai ya rage a ɗaura maka ka yi goyo." Baba ya ce, "In ka ga mai araha a kasuwa ka sawo min."

Ni da shi kuwa akwai kunya a tsakani, kamar yadda aka saba. Da safe in durƙusa daga bayan zana in gaishe shi, ya amsa yana duban ƙasa. In yana da magana da ni sai ya ce wa Inna, "A gaya wa 'yar mutanen Tsafe kaza." Shekaru muka yi a haka, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Bazarar da ta biyo bayan an ba mu jiha ta kanmu ce ta ɗauke maigidana. An yi zafi a shekarar, irin wanda duwatsun nan ke sha da rana su amayar da shi da yamma, ko tabarma ka taɓa kamar an ɗauko ta daga kan murhu. Ya dawo daga sharar gona yana cewa kansa zai rabe. Kashegari wuyansa ya ƙi juyawa. Sanƙarau ne. Lokacin ana wahalar fetur, motar da ke shigowa ƙauyen ta daina zuwa, sai a amalanke aka kai shi bakin titi. Ba su ga Gusau da shi da rai ba. Ya bar ni da yara biyu da ƙaramin ciki, wato takabata ba za ta ƙare ba sai ranar da na haihu. Daminar gaba ɗaya a cikin gida zan yi ta.

Rumbunmu dama bai cika ba, don ƙuduji, muguwar ciyawar nan mai kashe hatsi, ya ci rabin geron bara. Masu zuwa gaisuwa kuma ba a barinsu da yunwa. Kafin a yi sadakar arba'in, in Inna ta leƙa rumbu sai ta ga ya yi ƙasa ƙwarai.

Ranar sadakar, bayan an watse, aka zauna a zaure. Akwai Garba, ƙanin maigidana, wanda ke leburanci a Gusau, da yayana Isa da ya zo daga Tsafe. Ina daga bayan zana ina jin su.

Garba ya ce, "Baba, a dubi gaskiya. Kai ka tsufa, ni ko ba ni iya barin aiki in dawo. A ba da gonakin ga aro bana. Uwani ta tahi Wonaka wajen gwaggonta, ni in ɗauki Basiru. Ita kuma in ta haihu ta koma gida Tsafe. Kai da Inna ba ku gagara ta ba."

Yayana ya ce shi ma abin da ya kawo shi ke nan.

Baba ya yi gyaran murya. Can ya ce, "Kun gama?"

"Mun gama."

"To, uba sunka rasa. Ba su rasa uwa ba, ba su rasa juna ba. Ni ba ni ƙara musu rashi bisa rashi. In ita ta ce tana son tahiya, wannan nata ne, ba ni hana ta. Amma ba a rarraba min ɗiya kamar naman layya ina zaune."

Garba ya ce, "To wa za ya yi noman?"

"Wanda ya yi shi kafin a haihe ka."

Aka aiko Inna ta tambaye ni. Na ce ina nan.

Tun kafin ruwa ya sauka Baba ya ɗauko sungumi ya yi binne a gonar bayan gida, mai bishiyar tsamiya a gefe, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Sauran irin ya kai babbar gona da ke can gindin dutse. Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, da iska da tsawa, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika gari da kuka. Gero ya tsiro kore shar, ta jikin danga nake hango shi layi-layi. Sai kuma sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta kore shi ya wuce can wajen Gusau. Ganyen ya nannaɗe, ya koma ruwan toka, ya kwanta. Maza suka fita roƙon ruwa har da yara da dabbobi. Da ruwan ya dawo, shukar ta riga ta ƙone.

Babu sauran iri. Baba ya sa Inna ta ɗebo daga geron da muke ci. Ina kallon ƙwaryar tana fita daga gida, na san tuwon kwanaki ne ake kaiwa a binne. Shi kuwa bai dubi inda nake ba.

Wannan karon ruwa ya zauna, har ya yi yawa. Da shi kuma ciyawa ta taso kamar ana jan ta daga sama. Baba na sallame sallar asuba zai saɓa kalme, ɗan gajeren abin noman nan, ya fita. Sai rana ta take tsaka ya dawo, rigarsa ta manne a bayansa, gishirin gumi ya yi mata fari-fari. Ya yi azahar, ya ɗan kishingiɗa, ya koma. Mutumin da ya yi shekaru bai sunkuya noma ba, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, Inna ta riƙa shafa masa man kaɗe. Duk da haka ya gama noman farko na gonar bayan gida a tsaye, ya ci rabin babbar gona.

A cikin gida abinci na ta janyewa. Tuwon rana ya fara tafiya, aka bar na dare. Daga nan na daren ma ya koma fate mai ruwa-ruwa. Dusar da a da muke ba akuya na koma ina tankaɗe ta ina haɗawa da ɗan gari in yi hoce. Da safe kunu tsululu, ba tsamiya ba komai. Sauran cikin kuwa ganye ne ke cika shi. Uwani da Inna su tsinko tafasa a bayan danga, in dafa, in matse, in barbaɗa gishiri da barkono, in an yi sa'a da ɗan ƙuli. Tana cika ciki ta bar mutum da yunwarsa. Ni ga ciki, ga takaba, ba kwalli ba man shafawa, zane ɗaya, ƙafafuna sun kumbura. In na ɗaga taɓarya sai in ga wuta-wuta a idona, in jingina da turmi har ta wuce.

Abin da na lura da shi, duk sanda aka kai wa Baba akushinsa sai ya ƙwala kira. "Ina amaryata? Ina ɓarawon matata? Ku zo mu ga wa ka riga wani." Su zauna su uku su sa hannu. Shi sai ya tsaya gyaran loma, yana murza ta, yana ba su labarin kura, yana cewa ta yi zafi. Kafin ya kai biyu baki sun share akushin. Sai ya kama salati, "Kai, kun cuce ni! Gobe ba ni kiran ku." Su yi ta dariya. Gobe kuma ya kira su.

Inna ta yi masa magana. Na ji tana cewa, "Malam, mai noma ba ya rayuwa da warin tuwo." Ya ce, "Na ci goro." Goron ma rabonsa da shi tun sadakar arba'in.

Sai kurkunu ya shigo.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Jikokina da na ba su labari sun ɗauka tatsuniya ce. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, doguwa ƙwarai, tana shiga mutum ta ruwan sha ta kwanta a jikinsa shekara guda, sannan ta nemi hanyar fita, galibi ta ƙafa. Tun ranin bara rijiyar ƙauyen ta ƙafe, kowa ya koma tafkin gindin dutse. Don haka da damina ta tsaya, kusan babu gidan da ba a kwantar da mutum ba. Majiya ƙarfi, masu huɗa da shanu, duk suna zaune a ƙofar gida ƙafa miƙe, ƙudaje na bi. A wata shekara da an yi wa Baba gayya, samari sun taru sun nome masa gonar a wuni ɗaya, don ba wanda bai san halin da muke ciki ba. A wannan shekarar kowa tasa gonar ma tana hannun ciyawa.

Na Baba ya fara da ƙaiƙayi a idon sawun dama. Wurin ya yi bororo, yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Da ya fashe sai ga kan abin ya leƙo. Inna ta samo tsinken kara ta naɗe shi, kullum da safe ta ja kaɗan, ɗan abin da bai kai gaɓar yatsa ba, ta ɗaure da tsumma. Ba a yi masa gaggawa, in ya tsinke a ciki an shiga uku. Baba ya ci gaba da fita yana ɗingishi. Ba a jima ba wani ya fito a ƙwaurin hagu, wani kuma a ƙasan na farkon.

Akwai wani ma'aikacin lafiya da ke zagaya ƙauyuka, Kirista ne daga kudancin Kaduna, ana ce masa Malam Yohanna. A keke yake zuwa, babur ɗinsa na jingine a Bungudu ba mai. Ya wanke wa Baba ƙafafun, ya naɗe su da farin ƙyalle, ya ba Inna wani yadi mai laushi na tace ruwa.

Ya ce, "Baba, ƙafar nan hutu take so. Kada ta shiga laka, kada ta shiga tafki. Kuma don Allah ko ta kumbura kada a yi mata sakiya, a neme ni."

Baba ya ce, "Na ji, ɗana, Allah shi yi maka albarka. Amma in ka fita ka biya ta bayan gida ka gaya wa ciyawa ita ma ta huta."

Malam Yohanna bai yi dariya ba. Ya tsaya yana duban yaran, sannan ya ɗaure jakarsa a keke ya tafi.

Ranar da ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ina tsakar gida. Ya dafa bango ya miƙe, ya yi taku ɗaya, ya zube. Ya sake gwadawa, ya sake zubewa. Ya zauna a nan ƙasa yana numfashi. Na ɗauka shi ke nan, noma ya ƙare. Sai na ji ya ce wa Inna ta miƙo masa tsohon buhu da wuƙa. Ya yanka buhun gida biyu, ya ninka, ya ɗaure a gwiwoyinsa da igiyar da ya tufka da hannunsa. Ya rage ƙotar kalmensa. Ya ce, "Babbar gona na bar wa Allah. Ta bayan gida kuwa ba ta fi ƙarfina ba."

Da rarrafe ya fita.

Akwai wata kafa a jikin dangarmu, inda akuya ta ci karan. Nan na riƙa tsayawa. Gero ya kai ƙugu a lokacin, don haka ba kullum nake ganinsa ba, sai dai in ga kan geron yana motsi a layi ɗaya, a hankali, in ji ƙarar kalme, cak, cak, sai shiru, sai kuma cak. In ya fito ƙarshen kunya sai in gan shi gaba ɗaya: tsoho a kan gwiwoyi da hannu ɗaya, ƙafafu na jan ƙasa a bayansa, farin ƙyallen ya koma jar laka. Ya juya ya shiga kunya ta gaba. In ruwa ya sauko ba ya iya gudu, sai ya sunkuyar da kai ya bari ya dake shi har ya wuce.

Wata rana na kasa. Ya rarrafo ya shigo da azahar, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na durƙusa, ba a bayan zana ba, a gabansa.

Na ce, "Baba, a bar ni in fita in kama. Ko cirar ciyawa ce da hannu."

Ya kawar da kai gefe. Na ɗauka ta bakin Inna zai ba ni amsa. Sai ya ce, "Takaba kike, ɗiyata. Kuma ba ke ɗaya ba ce. Ɗana ya bar miki ajiya a jikinki, ki riƙe min ita. Ni ya bar min gona."

"Baba, ƙafar tana wari."

"Na sani. Ni ke tare da ita."

Garba ya zo wata Juma'a da ɗan garin kwaki a leda. Da ya tarar da mahaifinsa cikin gero a kan gwiwa, sai ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hula. Ya karɓi kalmen ya yi noma ranar da kashegari kamar zai kashe kansa. Amma aikinsa na yini ne, in bai koma ba wani za a ɗauka, shi ma da mata da jariri a ɗakin haya. Ya roƙi Baba ya bi shi asibiti. Baba ya ce in an gama maimai, wato noma na biyu. Garba ya tafi yana waiwaye.

Saura kaɗan a gama maimai tsinken ƙafar dama ya sarƙe a saiwa, kurkunun ya tsinke a ciki. Kafin kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi, tana sheƙi, ba ta taɓuwa. Zazzaɓi ya rufe shi. Duk da haka sai da ya ja jiki ya ƙarasa kunyoyin da suka rage, Inna na biye da shi tana dogara sanda, tana kuka tana yi masa faɗa. Ranar da ya gama, ya jingina kalmen a bakin zaure ya ce, "To, saura na Allah."

Aka aika neman Malam Yohanna, aka ce yana can wasu ƙauyuka bayan rafi, rafin kuma ya cika ba ya ƙetaruwa. Ƙafar na ta hawa har gwiwa. Dattawa suka ce ba abin da ya rage sai sakiya. Da wanzami ya zo ya sa ƙarfensa a wuta, Baba ya ce a dakata. Ya kira Uwani ya ce, "Amarya, ɗauki mijinki na biyu ku tahi gidan Malam Audu, an ce akuyarsu ta haihu." Sai da ya tabbata sun yi nisa sannan ya miƙa ƙafar. Ina cikin ɗaki na toshe kunnuwa, amma ba abin da zan toshe hanci da shi. Bai yi ihu ba. Sunan Allah kawai nake ji yana fita ta tsakanin haƙoransa.

Ruwan ciwon ya fita, kumburin ya sauka, har muka fara murna. Ya sha kunu, ya yi wasa da yara. Gero kuwa ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi. Duk wanda ya wuce ta bayan gidanmu sai ya tsaya, don a shekarar gonakin da suka tsira daga ciyawa ba su da yawa.

Bayan kamar mako guda ya ce muƙamuƙinsa na yi masa nauyi. Kashegari cokali ya ƙi shiga bakinsa. Haƙoran suka sarƙe. Daga nan jikin ya fara sandarewa, in an yi ƙara ko an buɗe ƙofa haske ya shigo sai bayansa ya lanƙwashe, gumi ya karyo masa. Hankalinsa kuwa garau, yana jin kowa. Maƙwabta suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi. Suka wuni a can cikin yayyafi. Motocin da suka wuce 'yan kaɗan ne, kowace a cike har bisa. Girgizar amalanken ma ta fi ciwon azabtar da shi. Da la'asar ya yi musu alama da hannu a mai da shi gida.

A kwanakin ne geron ya isa tumu. Uwani ta ga yaran maƙwabta suna gasawa, ta shiga gonarmu ta karyo kai ɗaya babba, ta gasa a murhuna, ta kai masa da gudu.

"Kaka, ga naka. Ni na gasa."

Inna ta yunƙura za ta hana ta, ya ɗaga yatsa. Ya karɓa da ƙyar. Ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa. Sannan ya murza shi a tafin hannunsa, a hankali, don yatsun ba sa lanƙwasuwa sosai, ya hure ƙaiƙayin ta gefen baki, ya raba biyu. Rabi a hannun Uwani, rabi a hannun Basiru.

Uwani ta ce, "Kai fa?"

Ta cikin haƙora ya ce, "Kun riga ni."

Ranar da zai rasu, da hantsi, Inna ta fito ta ce yana kirana. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Ɗakin duhu, an toshe taga da tsumma. Sai na ji ya ce, "Hajara."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Na'am, Baba."

Sai da na matsa kusa sannan na gane abin da yake faɗa. "Ku fara yanke na wajen tsamiya. Tsuntsu ya fi ci can. Kuma ku fid da iri tun a gona, manyan kai, kada ku haɗa da na ci."

Na ce, "To, Baba."

"Shi ke nan. Tahi ki zauna, kin daɗe a durƙushe."

Bayan azahar ya cika, ana ruwa. Waɗanda suka ɗauki makararsa rabinsu ɗingishi suke, wani ma da sanda a ɗaya hannun. Na ji an ce sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da ƙwarya kafin a sa shi. Ni dai iyakata bakin zana. Inna ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta zauna a inda yake tufka, ta ce, "Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa ɗaukar itace da kaina ba." Tana nan zaune a wurin har magariba.

Ban koma Tsafe ba. Na haifi ɗa namiji bayan an gama girbi, na zauna da Inna har ita ma ta bi shi, yaran suka tashi a ɗaki ɗaya. Kurkunu ya ƙare a ƙasar nan, an haƙa mana rijiyar burtsatse tun Basiru bai yi kaciya ba. Yanzu kuma ƙauyen ne babu kowa. 'Yan bindiga sun tashe mu, kowa ya kama gabansa, mu muka faɗo nan Gusau wajen Basiru. Wanda ya leƙa can bara ya ce gonar bayan gida ta zama daji, geza ta fi mutum tsawo, maƙabartar ma sai wanda ya san wurin. Akwai ƙafafu lafiyayyu a gidan nan, samari har uku, ba mai iya zuwa ya sa kalme.

Girbin shekarar, Garba ne ya zo ya yi shi tare da maƙwabtan da suka fara warkewa. Suka fara ta wajen tsamiya. Muka fid da iri tun a gona. Ranar da aka shigo da dammunan farko na sussuka, na surfa, na daka da kaina duk da nauyin cikin, na tuƙa tuwo a babbar tukunyar da muka kife tun bazara. Inna ta kaɗa miyar ɗanyar kuɓewa. Muka zauna a tsakar gida da rana tsaka, mu huɗu. Ni da Inna muka sa hannu muka kasa kaiwa baki. Yaran kuwa suka ci, suka ci, gumi na zubo musu. Basiru ya side kwanonsa, ya dube ni a ɗan tsorace, ya miƙo shi a hankali.

"Akwai saura?"

Na jawo tukunyar. Na ce, "Akwai. Kawo."